Takardar Fashi: Me Ya Sa Makaranta Ke Sanar da Iyaye Idan Ɗalibi Bai Zo Ba?



A wannan fitowa, ƙungiyar 'yan jarida ta ga ya dace ta yi bayani a kan wata takarda da babu ɗalibin da yake son a miƙa masa ita, wato takardar da makaranta ke aika wa iyaye idan ɗansu ya yi fashi ba tare da uzuri ba. Wasu suna kiranta takardar tonon asiri. Wasu kuma suna ganin malamin aji ne kawai yake neman ya haɗa su faɗa da gida. Kafin mu yanke hukunci, bari mu duba mene ne wannan takarda, ta yaya ake kaiwa gare ta, kuma wa take yi wa amfani.

Awa bakwai da babu wanda ya san inda kake

Mu ɗauka ɗalibi ya fita daga gida da ƙarfe bakwai na safe. Ya sa kayan makaranta, ya rataya jaka, ya karɓi kuɗin tara, ya ce, "Mama, na tafi." Ta ce masa, "Allah ya ba da sa'a." Sai ƙarfe biyu ya dawo, ya ajiye jaka, ya nemi abinci. A tsakanin nan bai taka ƙofar makaranta ba.

A gida hankali kwance, domin Mama ta san yana hannun malamai. A makaranta ma hankali kwance, domin malam ya zaci ba shi da lafiya yana hannun iyayensa. Kowane ɓangare ya ɗauka amanar tana wajen ɗaya ɓangaren, alhali ba ta hannun kowa. Idan mota ta buge yaron nan da ƙarfe tara, Allah ya kiyaye, ba za a fara nemansa ba sai la'asar ko magariba. Idan ya faɗa hannun miyagun abokai, ko aka fara koya masa shaye-shaye a wani kango, babu babban da zai sani sai abin ya yi nisa. Ga yarinya kuwa haɗarin ya fi haka yawa, kowa ya san wannan.

Wannan shi ne babban dalilin sanar da iyaye. Aikin takardar shi ne ta sa gida da makaranta su haɗa abin da kowannensu ya sani, su gane cewa akwai awanni da yaro ba ya nan kuma ba ya can.

Fashi mai uzuri da fashi marar uzuri

Ba kowane rashin zuwa ne laifi ba. Ɗalibi yana iya kwanciya da zazzaɓin cizon sauro. Ana iya yin rasuwa a gidansu. Ana iya kai shi asibiti, ko ruwan sama ya cika hanya a tsakiyar damina har ya kasa tsallakowa. Duk waɗannan uzuri ne da makaranta ke karɓa.

Sai dai akwai abin da da yawanmu ba mu gane ba. Uzuri ba ya zama uzuri a wajen makaranta sai iyaye ko mai riƙon yaro sun isar da shi. Idan ka yi kwana uku kana jinya, amma babu wanda ya zo, babu wanda ya kira, babu takarda, to a littafin malam fashi ne marar dalili, ko da kuwa ƙarin ruwa aka yi maka. Haka nan saƙon baka da aka ba aboki, irin "ka ce wa Malam ba ni da lafiya", ba ya wadatarwa, domin wanda ya tafi gidan kallon ƙwallo ma irin saƙon da yake aikowa ke nan.

Fashi marar uzuri iri uku ne. Na farko, wanda iyaye ba su san da shi ba sam, shi ne gudun makaranta. Na biyu, wanda iyaye suka san da shi amma ba su sanar ba. Na uku, wanda iyaye da kansu suka jawo, kamar a hana yarinya zuwa don ta kai talla ranar kasuwa, ko a riƙe yaro a gona lokacin shuka da girbi, ko a kwashe mako guda ana biki a wani gari. Kowanne da irin maganinsa, amma dukkansu ba a gano su sai an yi magana da gida.

Daga kiran suna ake farawa

Komai yana farawa ne daga rajista, wato littafin kiran suna da ke hannun malamin aji. A tsarin da makarantu da yawa ke bi, sau biyu ake cike ta a rana, da safe da kuma bayan an dawo daga tara. Wanda yake nan ana ja masa ɗan layi, wanda ba ya nan a sa masa sifili. Dalilin yin sau biyu shi ne a kama masu amsa suna da safe su tsallake katanga da hantsi.

Rajista ba littafin wasa ba ne. Tana cikin muhimman littattafan da ake buƙatar kowace makaranta ta ajiye, kuma jami'an duba makarantu sukan nemi ganinta idan sun zo. Daga cikinta ake ɗauko alƙaluman nan da muke gani a katin sakamako: sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa ɗalibi ya halarta, sau nawa bai zo ba. Matsalar ita ce katin sakamako sai ƙarshen zango yake isa gida. Uban da bai san ɗansa ya yi fashin kwana ashirin ba sai ranar da aka ba da hutu, ai an sanar da shi bayan aikin gama ya gama. Shi ya sa ake buƙatar sanarwa tun zango yana tsakiya.

Wannan kuma ya nuna mana illar amsa wa aboki suna. Wanda ya ce "yana nan" alhali ba ya nan, yana ganin taimako ya yi. Amma ya goge shaidar da za ta sa a nemi abokinsa idan wani abu ya same shi.

Matakan da akan bi

Kowace makaranta da ƙa'idarta game da yawan kwanaki, don haka mai son sanin tamu dalla-dalla sai ya tambayi malamin ajinsa. Amma tsarin gaba ɗaya yakan tafi kamar haka.

Mataki na farko, malamin aji ya lura da sifili a gaban sunan ɗalibi, ya tambayi monita ko maƙwabcin yaron, sannan ya kira lambar wayar da ke cikin fayil. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, domin sai a tarar yaron yana kwance ne aka manta ba a sanar ba.

Mataki na biyu, idan fashin ya maimaitu ko ba a samu kowa a waya ba, sai a rubuta takarda. Takarda mai kyau tana ɗauke da sunan ɗalibi da ajinsa, da ainihin ranakun da bai zo ba, da jimillarsu, da roƙon iyaye su yi bayani, da wurin da za su sa hannu su mayar da ita.

Mataki na uku, a gayyaci uba ko uwa ko mai riƙo ya zo da kansa, a zauna da malamin aji da mataimakin shugaban makaranta, wani lokaci har da malamin ba da shawara. A nan ake tambayar yaro a gaban kowa, a ji ta bakinsa, a yi yarjejeniya.

Mataki na huɗu, idan duk an yi wannan abin bai canza ba, maganar takan je ga shugaban makaranta, a sa ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta a ciki. A wasu wurare har mai unguwa ko limami akan roƙa ya sa baki, musamman idan iyayen ne ke hana yaron zuwa.

Duk wanda ya lura zai ga cewa horo ba ya cikin matakan farko. Tambaya ce ke zuwa gaba: ina yaron yake, kuma me ya hana shi zuwa?

Abin da doka ta ce

A ranar 30 ga Satumba, 1999, shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato. A shekarar 2004 aka kafa dokar da ta tsaya wa shirin. Dokar ta ce ilimin shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin tabbatar da cewa yaro yana zuwa makaranta har ya kammala waɗannan shekaru.

Dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya saɓa. Karo na farko da kotu ta same shi da laifi, za a ja masa kunne. Karo na biyu, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Daga nan kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyun. A yau wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba, amma abin lura shi ne wanda dokar ta kama. Uba ta kama, ko uwa, ko mai riƙo. To, mutumin da doka za ta tambaya game da zuwan ɗansa makaranta, ai haƙƙinsa ne a gaya masa idan ɗan bai zo ba. Makarantar da ta ga sifili yana ta taruwa ta yi shiru, ta tauye wa iyaye wannan haƙƙi.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Ingila ma sau biyu ake kiran suna a rana, da safe da rana. Tun daga watan Agusta na 2024, idan yaro ya rasa kira goma ba da izini ba cikin makonni goma na karatu, wato daidai da kwana biyar, dole makaranta ta duba ko za a ci tarar iyayensa. Tarar fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, idan an wuce ta koma fam 160. A Faransa kuwa, ƙa'ida ita ce a sanar da iyaye nan take idan yaro bai zo ba, kuma idan ya yi fashin rabin yini sau huɗu a wata ɗaya ba da dalili ba, shugaban makaranta zai kai maganar ga hukumar ilimi ta yankin.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu wani bincike ne da aka yi a birnin Filadelfiya na Amurka. Masana biyu, Todd Rogers da Avi Feller, sun wallafa sakamakonsa a shekarar 2018. Sun gano cewa iyayen yaran da ke yawan fashi ba su san yawan fashin ba. Idan aka tambaye su kwana nawa ɗansu bai je makaranta ba, adadin da suke faɗa bai fi kusan rabin na gaskiya ba. Sai masanan suka riƙa aika wa dubban gidaje 'yar gajeriyar wasiƙa, wadda ba ta wuce sau biyar a shekara ba, ana gaya wa iyaye jimillar kwanakin da ɗansu ya rasa. Babu tara, babu barazana. Wannan kaɗai ya rage yawan yaran da fashi ya zame musu jiki da kimanin kashi 10 cikin 100.

Darasin a fili yake. Yawancin iyaye ba sakaci ne ya hana su ɗaukar mataki ba, rashin sani ne. Kwana ɗaya yau, kwana ɗaya wani mako, babu mai ƙirgawa a gida. Ranar da aka nuna wa uba jimilla a rubuce, ranar yake farkawa.

Mu yi ɗan lissafi

Ɗalibi zai ce, "Ai ranar Juma'a kawai nake fashi," ko "Ranar kasuwa ce kawai." Mu ɗauka zango yana da mako 13. Kwana ɗaya a mako ya zama kwana 13 a zango, ya zama kwana 39 a shekara. Idan aka raba 39 da kwana biyar na mako, an samu kusan mako takwas. Wato mai fashin kwana ɗaya a mako ya zubar da fiye da rabin zango guda a shekara. Idan ana darasi takwas a rana, ya rasa darasi 312.

Kuma darasi ba kamar tuwo ba ne da za a ajiye maka naka a rufe. Lissafi da kimiyya da nahawu a kan juna ake ɗora su, kamar jerin bulo. Wanda bai ga darasin Talata ba, na Laraba zai zame masa baƙo. Idan ya zauna bai gane ba, aji ya gundure shi, sai ya ƙara fashi. Ga gwaje-gwajen tsakiyar zango da ake tara makinsu a haɗa da na jarrabawa, wanda ba ya nan ranar gwaji ya yi asarar makin tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Abin da takardar kan tono

Idan aka zauna da iyaye, sau da yawa abin da ke fitowa ba shi ne abin da aka zata ba. Akwai mai fashi don son wasa, gaskiya ne. Amma akwai wanda yake makara saboda sai ya ɗebo ruwa ko ya raka ƙannensa, idan ya hango an tsare 'yan makara a ƙofa sai ya juya don tsoron bulala. Akwai wanda wani babban ɗalibi ke ƙwace masa kuɗin tara kullum. Akwai wanda takalminsa ya tsinke ko wandonsa ya yage, kunya ta hana shi zuwa, kuma ya kasa gaya wa Baba don ya san babu. Akwai wanda kuɗin mota ya gagara. Akwai 'yan mata da ke zama a gida kwana biyu ko uku duk wata saboda lalurar al'ada, ga ciwon mara, ga rashin banɗaki mai kyau da ruwa. Akwai kuma wanda ba ya ganin allo sosai, yana buƙatar tabarau, babu wanda ya sani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bulala ke magancewa. Amma kusan dukkansu suna da magani idan babba ya ji. Yaron da ya ɓoye takarda ya ɓoye ta ne tare da matsalarsa.

Dabarun da muka sani

Kada mu ruɗi kanmu, malamai ma sun taɓa zama ɗalibai. Sun san mai yaga takarda a hanya. Sun san mai kwaikwayon sa hannun mahaifinsa. Sun san mai ba da lambar abokinsa a matsayin ta Baba, da mai ɗauko wani saurayi daga bakin titi ya ce yayansa ne. Irin wannan dabara takan yi aiki sau ɗaya ko sau biyu, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da malam ya haɗu da Baba a masallaci ko a kasuwa, laifi ɗaya ya zama biyu. Fashi ana iya yafe shi a mako guda, amma yardar iyaye idan ta zube, tana daɗewa ba ta dawo ba.

Ɗan uwa, 'yar uwa, idan aka ba ka takarda, kai ta da hannunka, kuma ka riga ta magana. Ka ce, "Baba, na yi kuskure, ga abin da ya faru." Idan kana tsoron fushin Baba, fara da Mama, ko Yaya, ko Kawu, ko ka roƙi malamin da ka saba da shi ya yi maka jagora.

Yadda ake aiko da uzuri

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa duk wannan ita ce gida ya riga makaranta magana. Kiran waya na minti ɗaya da safe ya isa. Idan takarda za a rubuta, ba sai ta yi tsawo ba, kuma da Hausa ma ta wadatar. Ga misali:

"Zuwa ga malamin aji. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa ɗana ........ na aji ........ bai sami zuwa makaranta ba ranar ........ da ranar ........ saboda rashin lafiya. Da fatan za a yi masa uzuri. Na gode. Sa hannu da lambar waya: ........"

Idan an je asibiti, a haɗo da katin. Idan tafiya ce da aka san da ita tun farko, a nemi izini kafin a tafi.

Roƙonmu ga malamai da iyaye

Malamanmu, muna roƙo da girmamawa. A sanar da gida da wuri, tun fashin yana kwana ɗaya ko biyu. A rubuta ranaku da adadi, domin "ɗanka yana yawan fashi" ba ta kai "ɗanka bai zo ba kwana shida a watan nan" tasiri ba. A tuna cewa ba duk iyaye ke karanta Turanci ko boko ba, don haka a haɗa da kiran waya, kuma kada wanda ake ƙara ya zama shi kaɗai ne ɗan aike kuma shi ne mai karanta wa Baba takardar. A kira ɗalibi gefe a ba shi, kada a karanta sunansa a gaban taro. Idan kuma yaro ya gyara, a sanar da gida wannan ma, don kada lambar makaranta ta zama ba a ganinta sai da mugun labari.

Iyayenmu kuma, ga saƙo ta hannun 'ya'yanku. Idan takarda ta zo, a tambaya kafin a ɗauki bulala. A riƙa buɗe littafin yaro ana duba kwanan watan da ke saman darasi, domin ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai gane idan an tsallake kwanaki. A leƙo makaranta lokaci-lokaci ba sai an kira ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin wannan mako

Muna ba kowane ɗalibi aiki biyu. Na farko, je wajen malamin ajinka a lokacin tara ka tambaye shi sau nawa aka sa maka sifili a wannan zango. Wataƙila adadin ya ba ka mamaki. Na biyu, ka tabbatar lambar wayar da ke cikin fayil ɗinka ta iyayenka ce ta gaskiya, kuma tana aiki. Ranar da wani abu ya same ka a hanya, wannan lambar za a fara kira.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ya ba kowane ɗan ƙungiya, za mu kai wa malamai mu kawo amsa a fitowa ta gaba. 

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta